Babi na Shida: Wa Ya Shanye Layin?

Tun 2010 ma'aikatan Gabon suka koma aikin yini a miƙe. Ana shiga ofis ƙarfe bakwai da rabi na safe, an daina dogon hutun tsakar rana da aka gada daga Faransawa. Ba don intanet aka yi wannan doka ba, amma duk mai kula da na'urorin ofis a Libreville ya san abin da take jawo masa kullum safiya. Kowa a lokaci guda yake isowa. Kwamfutoci su tashi, wayoyin da ke cikin aljihu su kama Wi-Fi da kansu ba tare da an taɓa su ba, kowace na neman abin da ya wuce ta tun jiya da yamma. Kafin takwas ta yi, an fara leƙo ƙofar ɗan ɗakin da aka ajiye sabar: "Malam, yau kuma rezo ɗin lafiya?"

Amsar da ta fi sauƙi ita ce a ɗora wa kamfanin da ke sayar da layi. Wani lokacin kuwa gaskiya ce, matsalar daga waje take. Intanet ɗin Gabon ta teku yake shigowa. Wayar ƙarƙashin ruwa ta SAT-3 ta fara aiki a 2002, kuma shekara goma ita kaɗai ce ƙofar ƙasar in ban da tauraron ɗan'adam. A Disamba 2012 aka ƙaddamar da ta biyu, ACE, wadda ta taso daga Faransa ta biyo gaɓar Afirka ta Yamma ta sauka a Libreville. Daga nan gwamnati, da tallafin Bankin Duniya, ta shimfiɗa wayar faiba a gefen layin dogon da ya tashi daga Owendo zuwa Franceville, har ta kai iyakar Kongo. A 2017 Canalbox ya fara kai faiba gidaje da ƙananan ofisoshi, kuma Libreville ce birni na farko da ya soma da shi, ya shiga gasa da Gabon Telecom, wanda Maroc Telecom ya sayi kashi 51 cikin ɗari na hannun jarinsa a 2007.

Irin waɗannan wayoyi suna tsinkewa. A Janairu 2020 SAT-3 ta samu matsala a ruwan da ke kusa da Libreville, wata wayar mai suna WACS kuma ta tsinke a gaɓar Kongo, sai da jirgin gyara mai suna Léon Thévenin ya taso daga Cape Town, aka ɗauki makonni ana aiki. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a tare kusa da Kodebuwa, har da SAT-3 da ACE, 'yan Najeriya da yawa za su tuna yadda bankuna suka tsaya cik a ranar. Akwai kuma ranakun da da gangan aka rufe. An katse intanet bayan zaɓen Agusta 2016, daga baya aka riƙa kashe shi da daddare na tsawon makonni. An katse ranar 7 ga Janairu 2019 da wasu sojoji suka kame gidan rediyon ƙasa. An sake katsewa da yammacin 26 ga Agusta 2023, ranar zaɓe, bai dawo ba sai ranar 30 ga wata da sojoji suka karɓi mulki. A irin waɗannan ranaku mai kula da na'urori ba shi da ta cewa, shi ma ɗan kallo ne.

Amma waɗannan ranaku ƙidayayyu ne. Sauran kwanakin shekara layin lafiyarsa ƙalau, mutanen cikin ofis ne suka cinye shi.

Mu ɗauki misali da ofishin masu fiton kaya a kusa da tashar jiragen ruwa ta Owendo, irin wanda fatakenmu na kasuwar Mont-Bouët ke kai wa takardun kwantenarsu. A ce ma'aikata 40 ne, an sayi layi mai megabit 50 a daƙiƙa. Tun daga nan ruɗanin yake farawa, domin da bit kamfani ke sayarwa, fayil kuma da bayit ake auna shi, kuma bit takwas ne bayit ɗaya. Megabit 50 ɗin nan bai wuce megabayit shida da ɗoriya a daƙiƙa ba. Ma'aikata 40 kuwa na'ura 80 ke nan a ƙalla, kowa da kwamfuta da waya, ban da mai waya biyu. In duka suka ja lokaci guda, kowace na'ura ba za ta samu ko megabit ɗaya ba. Bidiyo mai tangaran na cin wajen megabit biyar. Mutum goma da suka buɗe YouTube sun gama da layin, sauran talatin sai kallon ɗan da'irar nan mai juyawa.

Masu kallon bidiyo ake zargi domin su ake gani. Ɓarnar da ta fi yawa ba a ganinta. Layukan da aka fi sayarwa suna da faɗi wajen saukewa, wajen aikawa kuma tsukakku ne. Wani ya je biki ranar Asabar ya ɗauko bidiyo ya cika waya. Ranar Litinin wayar na jin Wi-Fi sai ta fara tura su duka zuwa ma'ajiyar Google ko iCloud, shi kuwa yana can yana gaisawa da mutane, bai ma sani ba. Hanyar fita ta cushe. To ita intanet, sai kwamfutarka ta riƙa aika amsa cewa bayanin da aka turo mata ya iso kafin a ci gaba da ƙaro mata wani. In waɗannan ƙananan amsoshi suka maƙale a bayan bidiyon biki, saukewa ma sai ta tsaya, alhali hanyar shigowa a buɗe take ba kowa a kanta. Shi ya sa za ka ga an ƙara kuɗi an ninka layi, bayan mako biyu kuka ya dawo yadda yake.

Akwai kuma safiyar Laraba. Microsoft na sakin gyare-gyaren Windows ranar Talata ta biyu a kowane wata, da misalin goma na safe agogon yammacin Amurka. A Libreville, da Kano da Maraɗi ma tunda agogonmu ɗaya, lokacin shida ko bakwai na yamma ne, an riga an tashi. Washegari kwamfuta 40 su farka su tarar da kaya na jiransu, kowace ta sauke nata kwafin na abu iri ɗaya. Mai kula da ya san aikinsa yana da wannan Larabar a kalandarsa. Ko dai ya sa kwamfuta ɗaya ta sauke ta rarraba wa sauran ta cikin gida, ko ya mayar da saukewar tsakar dare, in wuta ta bari.

Wanda ya taɓa noman rani a Kadawa ya san wannan rigima. Ruwan Tiga ɗaya ne, amma mai gona a bakin magudana in an ƙyale shi sai ya sha ya ƙoshi, na can ƙarshe ya samu laka. Ba ƙarin ruwa ke raba gardamar ba, tsarin rabo ne: wa zai buɗe, yaushe, har zuwa ina. Rawutar ofis ma haka take. In ba a faɗa mata komai ba, wanda ya riga zuwa shi take sallama, kuma manhajar da ta fi haɗama ita ke cinye rabon kowa. Ƙananan rawutocin MikroTik, da ake ƙerawa a Latbiya kuma suka cika ofisoshin Afirka saboda arha, suna iya wannan rabo, haka ma pfSense da ake ɗorawa kyauta a kan tsohuwar kwamfuta. Ana cewa kiran murya da taron bidiyo su ne a gaba, domin ba su da ci sosai amma ba sa jure jinkiri. Sai aikin da ke kawo kuɗi, a ofishinmu na Owendo manhajar kwastam ta Sydonia da shafin banki. Sai wasiƙu da sauran bincike. Sabunta manhaja da tura hotuna su zo a ƙarshe, su ci abin da ya rage. Akwai kuma wata dabara da sabon shiga ke mamakinta: a daidaita rawutar ta riƙa tura ƙasa kaɗan da abin da aka saya, misali megabit 45 maimakon 50. Ta haka jerin gwanon zai taru a cikin na'urarka, inda kai ke da ikon cewa wane ya wuce, ba a na'urar kamfani ba inda ba ka da baki.

Shugabanni sun fi son toshewa. "A rufe Facebook, a rufe WhatsApp, kowa ya yi aiki." A ganina wannan ɓata lokaci ne. A Libreville, kamar a Kantin Kwari, rabin cinikin ta WhatsApp ake yin sa, hoton takardar kaya ta nan yake zuwa, direban tirela ta nan ake samunsa. Ka toshe da safe, kafin azahar yaran ofis sun sauke VPN sun koya wa manya, kai kuma ka rasa ganin abin da ke wucewa. Ka bar hanya a buɗe, ka tsuke ta. Bidiyo zai rage kyau da kansa, ba wanda zai zo ƙara, aikin kwastam kuwa ya tafi salin alin. A da ana ajiye sabar Squid ta riƙa adana shafukan da aka fi buɗewa don kada a sake sauke su, amma tun da kusan kowane shafi ya koma rufaffen tsari na HTTPS amfaninta ya ja baya. Aikin rage dogaro da hanyar waje ya koma hannun manya: cibiyar musayar intanet ta GabIX, da aka buɗe a Libreville a 2014, an kafa ta ne don saƙon da ya tashi daga wannan unguwa zuwa waccan ya daina zagayawa ta Turai.

Duk wannan rabo yana da sharaɗi guda, kuma a nan ne yawancin ofisoshi ke faɗuwa. Ba ka iya raba wa mutanen da ba ka san su ba.

Shiga ofis goma, a bakwai za ka tarar da kalmar sirrin Wi-Fi ɗaya ce ga kowa, wani wurin ma an rubuta ta a takarda an manna bayan ƙofa. Maigadi na da ita, ya ba ɗan'uwansa mai shagon caji. Baƙon da ya zo bara wayarsa ta riƙe ta. Wanda aka sallama wata shida da suka wuce in ya tsaya a bakin titi wayarsa za ta shiga. Mai kula ya buɗe rawuta ya ga na'ura 130 a ofishin mutum 40, ba ko ɗaya mai suna. Da can yana iya bin lambar da kowace na'ura ke zuwa da ita daga masana'anta, ya rubuta wannan ta wane ce. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 wayoyi suka koma ƙirƙiro lambar bogi ga kowace Wi-Fi don kare masu su daga bibiya. Abu ne mai kyau ga mai waya, amma ya kashe wancan littafi. Abin da ya rage shi ne kowa ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, baƙi kuma a ware musu hanyarsu daban, 'yar siririya, wadda ba ta kaiwa ga sabar ofis.

Daga nan aikin ya tashi daga na wayoyi ya koma na rajista. Ko Active Directory ne, wanda Microsoft ya fito da shi tare da Windows 2000, ko wani tsari na kyauta, abin da ake so a sani game da kowane asusu bai da yawa: na wane ne, a wane sashe yake, wa ya ba da izinin buɗe shi, me da me yake iya taɓawa, yaushe aka shiga da shi na ƙarshe, yaushe zai mutu. Na ƙarshen nan shi ake mantawa. Buɗe asusu kowa na tunawa, domin sabon ma'aikaci zai zo ya tsaya a kanka har sai ka yi. Rufewa kuwa ba mai zuwa ya roƙe ka. Ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki, ko daga Jami'ar Omar Bongo ko daga IAI, makarantar kwamfuta ta haɗin gwiwar ƙasashe da aka kafa a 1971 wadda Nijar da Chadi da Kamaru ke cikin masu ita, wata uku suke yi su tafi, asusunsu ya shekara biyar a raye. Wanda aka mayar daga sashen kuɗi zuwa sito an ƙara masa makullin sito, ba a karɓe na kuɗi ba. Bayan shekara goma tsohon ma'aikaci ya tara izinin da ko manaja ba shi da shi, ba don ya nema ba.

A 2018 gwamnatin Gabon ta dakatar da tura albashi ta banki ga ɗimbin ma'aikatanta, ta ce kowa ya zo da ƙafarsa ya karɓi takardar biya, don a gano sunayen da ke cin albashi ba mutum a bayansu. Rajistar asusun ofis ma tana buƙatar irin wannan tankaɗe, ko sau biyu a shekara: a ɗauko jerin masu albashi a ajiye kusa da jerin asusu, duk sunan da ke nan ba ya can a tambayi dalili. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi Colonial Pipeline a Amurka. A Mayu 2021 'yan kutse suka shiga kamfanin ta wani tsohon asusun VPN da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma ba shi da mataki na biyu na tantancewa. Aka tsayar da bututun da ke kai kusan rabin man da gabashin ƙasar ke sha, aka yi layin mai kamar a Legas, kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4.

Gabon ma ta ɗanɗana nata a babban mataki. Shekaru kusan goma, daga 2013, wani kamfani mai suna Freenom yana rabon adireshin intanet mai ƙarewa da .ga kyauta ga duk wanda ya nema, ba a tambayar ko wane ne. Masu damfara suka yi ca a kai, har sunan ƙasar ya zama abin da matatun wasiƙu ke tuhuma da zarar sun gani. A Yuni 2023 hukumar ANINF, mai kula da kayan sadarwar gwamnati tun 2011, ta karɓe ragamar da taimakon AFNIC ta Faransa, aka goge miliyoyin adireshi a tashi ɗaya.

Abin da littattafan koyon sana'ar ba sa faɗa shi ne kunya. A ƙa'ida kowa a ba shi iyakar izinin da aikinsa ke buƙata, kada a ƙara. To je ka faɗa wa mai kamfani haka. "Ranka ya daɗe, gara a ce asusunka na yau da kullum ba ya iya goge komai a sabar." Zai dube ka ya ce, "Kai yaro, ni da kayana?" Alhali asusunsa ne aka fi hari, shi ne kuma ya ba sakatariya kalmar sirrinsa, ita ma ranar da ba ta da lafiya ta ba wani. Haka in wanda ya bar aiki ƙanin matar Alhaji ne, rufe asusunsa a ranar sai ya zama kamar an kore shi da duka. Mai wayo ba ya bari abin ya zama tsakaninsa da mutum. Yana sa a rubuta doka tun ana zaman lafiya, Alhaji ya sa hannu, kuma kowane asusu a buɗe shi da ranar mutuwarsa. In ranar ta zo na'ura ce ta rufe, ba wane ba.

Kalmar sirri kuwa an daɗe ana azabtar da mutane a kanta ba dalili. Dokar nan ta a canza duk wata uku ita ta haifi "Gabon1", "Gabon2", "Gabon3", da 'yar takardar da ake ɓoyewa ƙarƙashin kibod. Hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta janye wannan shawara a 2017: a yi doguwa, kada a maimaita ta a wani wuri, kada a tilasta canzawa sai in akwai alamar ta fita, a ƙara mataki na biyu ta waya. Kuma mai kula bai kamata ya san kalmar sirrin kowa ba. Tsarin kirki ba ya ma ajiye ta yadda za a iya karantawa, in ka manta sai dai a ba ka ta wucin gadi ka canza. Duk ofishin da ka ga mai kula na da littafi mai sunayen ma'aikata da kalmominsu a jere, ranar da kuɗi suka ɓata ba a iya kama kowa, domin kowa zai ce ba shi kaɗai ya san tasa ba, kuma ya yi gaskiya.

Sai dai ranar da kowane haɗi ya samu suna, wani abu ya faɗo hannun mai kula wanda bai roƙa ba. Ba ya ganin abin da ke cikin saƙo, amma yana ganin wane shafi aka je, da ƙarfe nawa, aka daɗe nawa. Ya san wadda ke yawan buɗe shafin asibitin haihuwa, da wanda ke neman aiki a wani kamfani, da wanda caca ta kama. Wata rana manaja zai kira shi ya rufe ƙofa ya ce a fitar masa da na wance. Gabon na da doka a kan wannan tun 2011, doka mai lamba 001/2011 ta kare bayanan mutane, wadda ta kafa hukumar CNPDCP, aka kuma yi mata garambawul a 2023. Nijar ta yi tata a 2017, Najeriya a Yuni 2023. Ruhinsu ɗaya ne: a tara bayani don wata manufa sananniya, a sanar da mai shi, kada a riƙe fiye da buƙata. Don rabon layi, sanin cewa asusu kaza ya ci gigabayit kaza ya wadatar, ba sai an adana sunan kowane shafi ba. Abin da tsaro ya tilasta a adana, a sa masa wa'adi ya goge kansa, a kuma rubuta wa ma'aikata tun ranar ɗaukarsu abin da ake gani da wanda ke da izinin dubawa. Mai kula da ya yi haka ya ceci kansa ma, domin abin da ba ya hannunsa ba a iya matsa masa ya bayar.

Shi kansa kuma wa ke riƙe da makullinsa? A Yuli 2008 Terry Childs, injiniyan da ke kula da babbar hanyar sadarwar birnin San Francisco, ya ƙi ba shugabanninsa kalmomin sirri, yana ganin ba su cancanta ba. Shi kaɗai ya san su. Aka kama shi, sai da magajin gari Gavin Newsom ya je gidan yari da kansa sannan ya miƙa masa, daga baya kotu ta yanke masa shekara huɗu. A ƙananan ofisoshi ba a kaiwa kotu, kuma galibi ba mugunta a ciki. Yaron da ya haɗa komai ya yi rajistar adireshin kamfanin da Gmail ɗinsa, lambar tantancewa na zuwa wayarsa, sannan ya samu aikin mai a Port-Gentil ya canza layi. Ba wanda zai lura sai ranar da adireshin ya ƙare, wasiƙu suka daina shigowa. Maganin bai wuce aikin rabin yini ba: a mayar da komai kan adireshin ofis, a buɗe asusun gaggawa na biyu mai cikakken iko, a rubuta kalmarsa a rufe a ambulan a sa a sef ɗin mai kamfani, duk wata shida a buɗe a gwada ko tana aiki, a canza ta, a sake rufewa.